Matambayi Ba Ya Ɓata: Amsoshin Wasiƙun Ɗalibai a Kan Aikin Gida

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga darasin Hausa, musamman waƙa, ga alama don jarrabawar ƙarshen zango ta matso. Muna sake tunatarwa cewa ba ma rubuta wa ɗalibi amsar da zai kwafa ya miƙa wa malaminsa. Hanya muke nunawa da misalinmu, shi kuma ya bi ta da tasa tambayar. Wanda zai aiko da tambaya ya kwafo ta yadda malami ya ba da ita, har da makin da aka sa mata, domin tambaya mai maki 2 da mai maki 10 ba amsa iri ɗaya suke nema ba.

Tambaya: Malam, an ba mu baiti biyu an ce mu fitar da karinsu. Na haddace sunayen karuruwa, Mutaƙarab, Kamil, Ramal, Rajaz, amma in na zo kan baitin ban san ta inda zan fara ba. (Ɗalibar aji uku na babbar sakandare, Mabera)

Amsa: 'Yata, haddar sunayen ita ce ta ƙarshe a wannan aiki. Farkonsa yanka gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, kamar "da", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "sa" a cikin "ya sa hula" ko "kai", sai baƙi da wasali da baƙi, kamar "bar". Ta farko ce kaɗai marar nauyi, a sa mata alamar v. Sauran biyun masu nauyi ne, a sa musu alamar –.

Ga baitin da muka tsara don gwaji:

Karatu da safe yana sa basira,
Kasala da barci suna sa asara.

Fara da ɗango na biyu, wato layi na biyu na baitin. Ki furta shi a bayyane, a hankali, ki rubuta yadda kunnenki ya ji, kina ninka wasalin da kika ja: ka-saa-laa / da-bar-cii / su-naa-saa / a-saa-raa. Kowane rukuni ya ba da v – –, sau huɗu. Wannan ƙafa ita ce fa'uulun, kuma karin da yake maimaita ta shi ne Mutaƙarab. Yanzu koma ɗango na farko: ka-raa-tuu / da-saa-fe / ya-naa-saa / ba-sii-raa. Ƙafa ta biyu ta fito v – v, domin "fe" ta "safe" gajera ce. A nan ɗalibai da yawa suke ruɗewa su ce karin ya karye, ko su ja wasalin da ƙarfi da yaji don ya dace. Bai karye ba. Wannan shi ne zihafi, ɗan sauyin da aruli, wato ilimin auna karin waƙa, ya yarda da shi a cikin ƙafa. Ki rubuta shi yadda yake, ki ambace shi da sunansa, malami zai ga kin san abin da kike yi.

Wurare huɗu ake yawan zamewa. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ido ba ya yanka gaɓa sai kunne: "gari" na tuwo gaɓarsa ta farko mai nauyi ce, "gari" na zama kuwa marar nauyi. Sannan sh, ts, ky, gw, ƙw da ire-irensu baƙi ɗaya ne kowannensu, ba a raba su. Baƙin da aka ninka kuwa rabuwa yake yi, "babba" ta zama bab-ba, ta farkon mai nauyi. Na huɗu, gaɓar ƙarshen ɗango ana ɗaukar ta mai nauyi ko da gajera ce, saboda tsayawar murya.

Kada ki yanke hukunci da ɗango ɗaya. Yanka aƙalla huɗu in an ba ki, ki ga ƙafar da ta fi yawan dawowa. In ita ce – v – –, Ramal ke nan. In – – v –, Rajaz. In vv – v –, Kamil. Kamil da Rajaz suna rikitarwa, domin gajerun nan biyu na Kamil sukan haɗe su zama doguwa ɗaya, ƙafar ta yi kama da ta Rajaz. Ki duba waƙar duka: muddin vv – v – ta fito a wasu ɗangogi, Kamil ce. Amsa-amon baitinmu kuwa "ra" ne, in an tambaya.

Tambaya: An kawo mana waƙar wani makaɗin fada an ce mu faɗi jigonta da adon harshe uku. Na ce jigon zambo ne don ya fi yawa a ciki, malam ya soke. Me ya sa? (Ɗalibi, Gwadabawa)

Amsa: Ɗana, malaminka yana da gaskiya. Ba a auna jigo da yawan layuka, ana auna shi da manufar da ta sa aka yi waƙar. Makaɗan fada na ƙasar nan, irin su Ibrahim Narambaɗa mai kotso da Salihu Jankiɗi mai taushi, aikinsu ɗaukaka ubangidansu. In makaɗi ya ɗauki ɗiya uku, wato baitoci uku na waƙarsa, yana yi wa wani ɗan sarki zambo, yana rage masa tsawo ne don ubangidansa ya ƙara fitowa. Babban jigo yabo ne. Zambo da habaici da roƙo da kawo nasaba ƙananan jigogi ne masu yi masa hidima. Wurin da za ka fara dubawa shi ne gindin waƙa, abin da 'yan amshi suke maimaitawa bayan kowane ɗa. Galibi can ƙwayar jigo take.

In tambayar mai maki da yawa ce, amsarka ta taka matakai uku. Ka faɗi jigon da jimla ɗaya, ka kawo layin da ya furta shi. Ka taƙaita abin da waƙar ta ƙunsa bi da bi, ba sharhi. Sannan ka warware: kowane ƙaramin jigo, ga layinsa, ga yadda ya taimaki babban. Amsar da ba ta ɗauko ko layi ɗaya daga waƙar ba, ko daidai ce, rabin maki take samu a hannun mai gyara mai sauƙin hali.

Adon harshe kuma, ka riƙe wannan bambanci. In an ce "Audu kamar zaki yake", kamantawa ce, domin akwai kalmar da ta haɗa su: kamar, tamkar, sai ka ce, ko "awa" a bakin makaɗanmu. In "ya fi zaki" aka ce, kamancen fifiko ne. In "bai kai zaki ba", na kasawa. Da zarar an cire kalmar haɗin an ce "Audu zaki ne", an koma siffantawa. "Yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa" mutuntarwa ce, an ba abin da ba mutum ba aikin mutum. Kowanne ka kawo, ka bi shi da jimla ɗaya mai faɗin abin da makaɗin yake nufi da shi. Zaki a nan kwarjini ne ko ƙarfi? Wannan jimlar ce mafi yawan ɗalibai suke tsallakewa.

Tambaya: Duk waƙa mai ɗango biyar a baiti tahmisi ce? (Ɗaliba, Runjin Sambo)

Amsa: A'a. Wadda mawaƙi ya tsara da ɗango biyar tun asali ƙwar biyar ce. Tahmisi shi ne a sami waƙa ƙwar biyu, a ɗora sababbin ɗangogi uku a saman kowane baiti ya zama biyar, sababbin suna bin amsa-amon ɗangon farko na tsohon baitin. Misalin da aka fi kawowa na gida ne: "Tabban Haƙiƙa", wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahmisi. In kina shakka, ki rufe ɗangogi ukun farko na kowane baiti ki karanta biyun ƙarshe kaɗai. In sun tafi da ma'anarsu ba tangarɗa, alama ce mai ƙarfi.

Tambaya: Malam, ɗiyana na yaz zo da insha'i duk an jajjanye mai da jan biro, wai ba Hausa ta ba. To mu mi muka yi in ba Hausa ba? (Mun bar wasiƙar yadda ta zo, daga wani uba a Ƙofar Rini)

Amsa: Alhaji, Hausa kuke yi, kuma tsohuwa mai asali, da ita aka rubuta waƙoƙin jihadi masu yawa. Sai dai jarrabawar WAEC da NECO da littattafan makaranta suna bin Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan karin Kano. Malamin da ya ce "ba Hausa ba ce" ya yi kuskuren lafazi, amma jan biron yana kan hanya. Abin da yaron yake bukata shi ne ya san wuraren da karin biyu suka rabu, kuma ba su da yawa.

Mafi fitowa a insha'i su ne waɗannan. "Na" da "ta" na ƙarshen jimla su koma "ne" da "ce": "rigag ga tawa ta" ta zama "rigar nan tawa ce". "Munka, kunka, sunka, anka" su koma "muka, kuka, suka, aka". "Yaz zo, tat tahi" su koma "ya zo, ta tafi". "Shina" ta koma "yana", "mi" ta koma "me", "wanga" da "wagga" duka su koma "wannan". "Hw" da "h" na "hwara" da "tahiya" su koma "f". Ya ware shafi ɗaya a bayan littafinsa, ya raba shi biyu, duk kalmar da aka ja wa layi ya rubuta ta hagu, takwararta dama. Kafin zango ya ƙare zai ga kalmomin ba su wuce ashirin da wani abu ba, su ne dai suke ta dawowa.

Akwai kuma jan biron da ba ruwansa da Sakkwatanci, wanda ɗan Kano ma yake sha: haɗawa da rabawa. Ana haɗa "yana, suna, yake, yakan, masa, littafinsa". Ana raba "za su, za a, ba a, ba ta". Kuma ɗ, ƙ, ɓ sai da lanƙwasarsu, domin "ɓata" da "bata" ko "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne.

Wuri ɗaya ne ba a taɓa karin: in yana ɗauko layin waƙa ko maganar wani tauraro a labari, ya bar shi yadda yake. Sau da yawa ma tambaya takan zo a kan karin harshen mawaƙi, kuma a nan ɗan Sakkwato ya fi kowa riba.

Tambaya: Tambayar tarihi ce: "Kawo dalilan jihadin 1804." Na rubuta shafi biyu tun daga haihuwar Shehu har rasuwarsa, na sami 4 cikin 15. (Ɗalibi, Boɗinga)

Amsa: Ɗana, an tambaye ka "me ya sa", ka amsa "me ya faru". Labarin rayuwa ba dalili ba ne. Ka raba amsar gida biyu. Dalilai na nesa: gauraya addini da al'adun gargajiya, haraji da jangali masu nauyi da ƙwace dukiyar talakawa, shari'ar da ba ta bin ƙa'ida, da kuma ƙaruwar jama'ar Shehu a Ɗegel har ta zama abin tsoro ga sarautar Gobir. Dalilai na kusa: dokokin Sarkin Gobir Nafata da suka taƙaita wa'azi, suka hana ɗaura rawani da lulluɓi, suka ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, sannan harin da aka kai wa mutanen Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana a zamanin Sarkin Gobir Yunfa, wanda ya kai ga hijira. Kowane dalili sakin layi guda: faɗe shi, bayyana shi, nuna yadda ya tura al'amari zuwa yaƙi.

Shekaru kuwa kaɗan kake bukata, amma su zauna daidai. Hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, can aka yi wa Shehu mubaya'a. Yaƙin Tabkin Kwatto a Yunin shekarar. Faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu kuwa ya zauna Sifawa, bai tare a Sakkwato ba sai 1815, ya rasu a 1817. Kuskuren da muke yawan gani shi ne a ce daga Sakkwato aka fara jihadin, alhali birnin ya zo ne bayan an ci Alƙalawa.

Wani abu da zai yi maka amfani: littattafan gida da yawa da shekarar Hijira suke lissafi. Don ka kusanto da ita Miladiyya, raba shekarar da 33, ɗebe abin da ka samu daga ita, ka ƙara 622. Shehu ya rasu a 1232. Raba da 33 ya ba da kusan 37. 1232 a ɗebe 37 saura 1195. A ƙara 622 ya zama 1817. Dalilin 33 ɗin shi ne shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, wanda yake tara shekara guda a cikin kusan 33. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, domin shekarar Hijira guda tana ratsa Miladiyya biyu: 1218 zai ba ka 1803, alhali hijirar Gudu ta faɗo a ƙarshenta, cikin 1804.

Tambaya: Ɗan kasuwa ya sayi buhun albasa ₦40,000 ya sayar ₦50,000, an ce a nemo ribarsa kashi cikin ɗari. Ni na samu 20, abokina ya samu 25. Wa ya yi daidai? (Ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, Wurno)

Amsa: Abokinka. Ku duka kun sami ribar ₦10,000, amma kai ka raba ta da kuɗin sayarwa. Riba da faɗuwa ana auna su ne da uwar kuɗi, abin da ya fita daga aljihu: 10,000 a raba da 40,000, sau 100, ya ba da 25.

Ka shirya wa juyin tambayar, domin shi ya fi kayar da mutane. In aka ce ya sayar ₦50,000 ya ci ribar kashi 25, nawa ya saya? Kada ka cire kashi 25 na 50,000, zai ba ka 37,500, kuma ba daidai ba ne. Kuɗin sayarwa kashi 125 ne na uwar kuɗi, saboda haka 50,000 sau 100 a raba da 125, ya ba da 40,000. In kuma an ambaci kuɗin mota ko na dako, a ce ₦2,000, su shiga cikin uwar kuɗi tukuna: 42,000, riba 8,000, kusan kashi 19. Ka rubuta kowane mataki a layinsa. Masu gyaran lissafi suna ba da maki a kan hanya, ko da amsar ƙarshe ta kauce.

Tambaya: A darasin labarin ƙasa an ce mu lissafa bambancin lokaci tsakanin Sakkwato da Makka. Na samu awa 2 da minti 20, amma wayata tana nuna awa 2 cif. (Ɗaliba, Arkilla)

Amsa: 'Yata, duka biyun daidai ne, kowanne da tambayarsa. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, digiri ɗaya a minti 4. Sakkwato tana kusan digiri 5 gabas da layin Girinwic na Ingila, Makka kusan digiri 40. Bambanci 35, sau 4, minti 140. Wannan shi ne lokacin rana na wurin, kuma shi malaminki yake nema in ya ba da digirori. Wayarki kuwa agogon hukuma take nunawa: Nijeriya duka tana bin layin digiri 15, awa ɗaya gaba da Girinwic, Saudiyya tana awa uku gaba.

Ƙa'idar ita ce, in wuraren biyu suna gefe ɗaya na Girinwic ki ɗebe ƙaramin digiri daga babba, in ɗaya gabas ɗaya yamma ki tara su. Wanda ya fi gabas shi ke gaba a lokaci, saboda haka in kin nufi gabas ki ƙara, in yamma ki rage. Gwada da Maiduguri, wadda take kusan digiri 13: bambanci 8, minti 32. Shi ya sa da azumi suke riga mu shan ruwa da kimanin rabin awa, alhali agogonmu ɗaya.

Tambaya: An ƙona giram 250 na dutsen farar ƙasa, CaCO₃. Nawa ne nauyin abin da ya rage? Na rubuta 250 saboda an koya mana nauyi ba ya ɓacewa. (Ɗalibin ajin kimiyya, Wamakko)

Amsa: Dokar gaskiya ce, ɗana, amma ka manta da abin da ya tashi sama. Dutsen nan, irin wanda ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, in zafi ya kai wajen digiri 900 a ma'aunin Salshiyas yakan rabu biyu: CaCO₃ → CaO + CO₂. Fara da rubuta wannan, ka tabbatar ƙwayoyin kowane sinadari sun yi daidai hagu da dama. A nan sun yi. Sai nauyi: Ca 40, C 12, O 16. CaCO₃ ya zama 40 + 12 + 48, wato 100. CaO 56, CO₂ 44. Ka lura da 48 ɗin, domin O uku ne, kuma wanda ya sa 16 kaɗai ya ɓata duk abin da zai biyo baya.

Tunda giram 100 yana barin 56, giram 250 zai bar 56 sau 2.5, wato giram 140. Sauran 110 iskar CO₂ ce da ta fice, kuma 140 da 110 sun mayar maka da 250 ɗinka. In tambayar ta ce dutsen kashi 80 ne tsantsarsa, fara da cire tsantsar: giram 200, wanda zai ba da CaO giram 112 da iska giram 88. A nan sai ka sake karanta abin da aka nema. In CaO kaɗai aka ce, 112 ne. In duk abin da ya rage a kasko aka ce, ka ƙara giram 50 na dattin da bai ƙone ba, ya zama giram 162.